Ɗingishin Cokalin Baba

Abin da na fara gani da na sauka a bakin ruwan Wara shi ne wani ɗan giwan ruwa a kan faranti, bai fi tafin hannuna ba. Wata yarinya ce ke tallarsa tare da 'yan uwansa biyar ko shida, ta jera su kai da kai, tana yayyafa musu ruwa don kada su bushe. Na tsaya ina kallonsa har mai babur ɗin da ya kawo ni ya gaji ya sauke mini jakata a ƙasa. Komai na giwan ruwa yana jikinsa: ɗan tudun nan na bayan kai, leɓen ƙasa da ya ɗara na sama tsawo, da idon nan mai ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Girman ne kawai ba a bari ya yi ba. "Hajiya, a zuba miki?" in ji yarinyar. Na girgiza kai. Tun ina ƙarama haka nake, magana takan zo mini har maƙogwaro sannan ta koma.

Rasuwar Inna ce ta dawo da ni gida bayan shekaru masu yawa, kuma saboda nisan hanya ko sutura ban samu ba. Bakin ruwan da na bari ba shi na tarar ba. Yanzu injin jirgi ne ke magana tun safe har yamma, mai ya kwanta a kan ruwan gaɓa yana sheƙi, ledoji sun maƙale a jikin ciyawa. Samari suna jan dala, wata doguwar koma mai ƙananan idanu kamar gidan sauro, duk abin da ya shiga ba ya fita, uwa da ɗa da ƙwai. Ban ga laifinsu ba, bakuna sun yi yawa, ruwan kuwa bai ƙaru ba. Amma a zamaninmu ba inji ke tashin mutum daga barci ba. Bugun filafili ne a gefen jirgi, da tarin tsofaffi masu alwala a gaɓa, da kukan zalɓe, da ƙarar ƙoƙo ana kwashe ruwan da ya kwana a cikin jirgi. Daga kan tabarmata nakan gane jirgin kowa ta yadda filafilinsa ke bugawa. Na Baba ne kawai ba ya bugawa sam. Yakan ce kifin da yake nema yana da kunne.

Aikina na safe kafin in tafi makaranta shi ne ɗebo ruwa tulu uku, da jero itace a gindin banda, da juya kifin da Inna ta kwana tana kyafewa. Hayaƙin yakan kama mini rigar makaranta, komai wankin da na yi mata ba ya fita. A aji 'yan cikin gari suna ce mini mai ƙarni, sai na koma bencin baya kusa da taga, na ƙara yin shiru a kan shirun da nake da shi. Wanda ba ya magana kuwa, kallo yake yi. Na san yawan tsagar da ke jikin allon ajinmu, na san wace tsaka ke fitowa daga bayan kalanda idan rana ta take. Ranar Asabar da Lahadi ne kaɗai nake jin ni mutum ce, saboda ranar Baba yakan ɗauke ni a jirgi in riƙa kwashe masa ruwa. Inna ba ta so. "Ɗiya mace cikin jirgi, mutane su ce mi?" Shi kuwa sai ya ce, "Su ce ba ta da surutu. Duk garin ga babu wanda za ya iya zama shiru kamar ta."

Ni ce 'yar farinsa, don haka tsakanina da shi akwai kunyar da yaran yanzu ba za su gane ba. Bai taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. "Ke," ko "mai littafi," shi ke nan. Ba ya kallona ido da ido, ba ya yaba mini a gaban mutane, ni ma ba na ɗaga kai idan yana magana. Idan ya sayo mini ƙuli-ƙuli daga kasuwar Yelwa, ba ya ba ni hannu da hannu, sai ya ajiye a kan turmi ya ce da Inna, "Wani ya manta abinsa nan." Yanzu ina ganin jikokina suna hawa wuyan ubansu suna ja masa gemu, suna gaya masa ya yi kuskure a lissafi, yana dariya. Wani lokaci abin yakan ba ni mamaki, wani lokaci kuma nakan tashi in shiga ɗaki.

Sauran masunta da koma da taru da mamari suke aiki. Baba yana da su shi ma, su ke ciyar da mu, amma abin da aka san shi da shi cokali ne. Cokali na gaske, irin na cin abinci, wanda kakana ya samu wurin wani bafatake tun muna zaune a gungu, tsibirin tsakiyar kogi, kafin ruwan madatsa ya hau ya cinye garinmu a kwaso mu zuwa tudu. Kakana ya yanke masa mariƙi, ya huda shi kai da gindi, ya ɗaura ƙugiya uku a gindin, ya rufe su da jan zare da gashin zabo. Ba a sa masa koto. Ƙarfe ne tsura ake ja a cikin ruwa, giwan ruwa ya ɗauka ƙaramin kifi ne ya kawo masa hari. Idan muka fito da safe masu koma sukan yi ta tsokanarsa. "Ga mai cokali nan! Allah shi sa miyar ta ji gishiri!" Shi kuwa ko juyowa ba ya yi, sai ya ce, "In na dawo ku taho da tuwonku." Sau da yawa kuwa sai sun taho ɗin, don akwai ranar da mutum biyu ke ɗaukar kifinsa a sanda, wutsiya tana jan ƙasa.

Cokalin ba shi da kyan gani. Bayansa baƙi ƙirin ne saboda hayaƙi da man kifi na shekara da shekaru, cikinsa kuma ya dushe, sai wani ɗan layi mai haske da bai fi faɗin farce ba. Gindinsa a karkace yake, kamar an taka shi. Amma idan ya shiga ruwa sai ya zama wani abu dabam. Baba yakan saki igiya a bayan jirgi, ya naɗa ƙarshenta a babban yatsan ƙafarsa, ya yi ta tuƙi a hankali. Idan kuma ruwa ya ja baya yashi ya fito, sai mu sauka, ya tsaya a bakin rairayi ya kaɗa igiyar a saman kansa ya wurga, ya riƙa jawowa da hannu yana ɗan tsayawa. Ni ina zaune a gefe ina kallon cokalin yana tahowa ta cikin ruwa garau. Ba ya tafiya a miƙe. Yakan karkata hagu sau biyu, dama sau ɗaya, sai ya yi ƙasa kamar ya suma, ɗan layin nan ya yi walƙiya sau ɗaya, sannan ya farfaɗo ya sake. Biyu hagu, ɗaya dama, sai ya faɗi. Na ƙirga wannan a zuciyata sau dubu nawa ban sani ba. Ban taɓa gaya wa kowa na ƙirga ba. Baba yana kiran abin ɗingishi. "Babban kifi malalaci ne," in ji shi, ba da ni yake ba, da ruwa yake, "ba ya bin mai lafiya."

Akwai wata giwan ruwa guda da yake kira Tsohuwa. Tana zaune a wani gurbi mai zurfi, daidai inda kawunan giginyu uku da suka mutu ke leƙowa idan ruwa ya janye. Giginyun ƙofar gidan kakana ne. Duk lokacin da muka zo wurin sai Baba ya ɗaga filafili ya bar jirgi ya tafi da kansa, ya nuna ƙasa da haɓa ya ce, "Nan ne zaure. Can rumbu. Nan tsohuwata ke shanya albasa." Ni ban ga komai ba sai koren ruwa. Sau biyu Tsohuwa ta ɗauki cokalin. Na farko ta miƙar da ƙugiya ta tafi. Na biyu ta ja jirginmu har kusa da tsakiyar tafki, igiya ta yanki Baba a yatsa, ta yi tsalle sau ɗaya na ga tsawonta ya kai ƙofar ɗaki, sannan ta tofar da cokalin. Baba ya zauna yana haki yana dariya, jini yana ɗiga. "Ta shiga gidan ubana ba sallama, ta kuma ƙi fita," ya ce. "Ni da ita sai ɗaya ya gaji."

A shekarar da nake ba da labari, idonsa ya fara tafiya. Ciwon nan ne da ƙudan kogi ke kawowa, wanda ya zaunar da dattawa da yawa a garinmu. Bai gaya wa kowa ba, amma na lura. Ya daina zura zare a ƙugiya da ido, sai da lalube. Idan an yi sallama yakan jira a ƙara magana kafin ya ambaci suna. Wata rana na ji yana ce wa Inna a bayan danga, "Bana ce kawai. In farin ruwa ya zo ban kama ta ba, to ta ci gida." Farin ruwa shi ne wanda ke zuwa da damina ya dagula kogi, cokali ba ya aiki a cikinsa. Saura wata biyu ke nan ko ƙasa da haka.

A cikin wannan watan ne malamar tsafta ta sa kowa ya zo da kofin shan ruwansa a duba. Na kwana biyu ina dirzar nawa da toka da yashi da lemon tsami kamar yadda ta koya mana. Da ta zo kaina sai ta ɗaga shi sama ta ce, "Ku dubi nan. Haka ake so." Ta kira sunana a gaban aji, har aka tafa mini. Ban taɓa jin irin wannan daɗin ba. Na taho gida ina jin ƙafata ba ta taɓa ƙasa, kuma tun a hanya tunanin ya zo mini. Ranar Juma'a ce, Baba ya tafi masallaci, Inna tana maƙwabta. Cokalin yana cikin ɗan burgaminsa na fatar akuya, a rataye a saman ƙofa. Kowa a gidan ya san ba a taɓa shi, amma ba wanda ya taɓa faɗin dalili. Ni a ganina, idon Baba ya yi rauni ne har bai ga yadda abin ya yi dauɗa ba, kuma idan ɗan layi ɗaya mai haske yana kiran kifi, to ina ga a ce duka jikinsa yana haske? Na taka turmi na sauko da shi. Na zauna a bayan banda na dirje shi ciki da baya har na ga fuskata a ciki, a kife. Sai karkacewar gindin ta dame ni. Na ɗora shi a kan dutsen niƙa, na sa ɗan dutse na bubbuga a hankali har ya kwanta sumul. Na mayar da shi na rataye. Daren nan da murmushi na yi barci.

Da safe muna tsakiyar ruwa ya buɗe burgami. Bai ma kai shi kusa da ido ba. Babban yatsansa ya bi ta kansa sau ɗaya, daga kai zuwa gindi, ya tsaya a inda karkacewar take a da. Ya kai shi hanci ya shinshina. Ina zaune da ƙoƙo a hannu ina jiran ya ce wani abu kamar "wani ya yi aiki nan," irin yabonsa na kaikaice. Tsokar gefen kumatunsa ta motsa. Ya mayar da cokalin cikin burgami ya ɗaure bakin, ya ce, "Iskar yau ba ta da kyau. Mu koma." Babu iska ko kaɗan. Ruwan kwance yake kamar an shimfiɗa tabarma. A nan ne na gane na yi wani abu, ko da yake ban san girmansa ba tukuna.

A gida Inna ta ga cokalin ta dafe ƙirji. "Wa ya yi wanga aiki?" Baba ya ce, "Ba kowa. Ƙarfe ma yana gajiya." Inna ta juyo ta dubi hannuwana, toka tana nan a ƙarƙashin farcena. Ta buɗe baki, Baba ya yi gyaran murya, ta rufe. "Tashi ki wanke hannu ki ci abinci," shi ne kawai abin da ta ce. Da a ce ta mare ni a ranar, ina jin da komai ya zo da sauƙi.

Baba yana da wani amini maƙeri, mutumin kan tudu, muna ce masa Kawu ko da yake ba mu haɗa jini ba. Shi coci yake zuwa ranar Lahadi, Baba masallaci, amma goro ɗaya suke rabawa. Baba ya rataye cokalin a hayaƙin banda kwana uku har ya yi duhu, sannan ya kai wa Kawu suka mayar masa da karkacewa. Sai dai ɗingishi ba a maƙera ake sa shi ba. A bakin ruwa ake yi, a wurga a jawo, a duba tafiyarsa, a ɗan buga, a sake wurgawa, har ya zauna. Haka kakana ya yi. Aikin ido ne. Kawu kuwa bai taɓa ganin cokalin a ruwa ba, yakan ce shi da ruwa sai a randa. Don haka ya ara wa Baba wata 'yar guduma mai kan da bai fi ƙwan zabo ba.

Ranar Asabar muka sauka a kan yashi, mu biyu. Baba ya ajiye wani faffaɗan dutse a gabansa, ya ɗora gudumar a kai. Ya kaɗa igiya ya wurga, ya fara jawowa. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya juyo gare ni sosai ya ce, "Ke, mai littafi. Idona na yi mini gardama yau. Matso ki duba mini. Yaya yake tafiya?"

Na matsa har ruwa ya taɓa mini idon sawu. Cokalin yana tahowa yana juyawa kamar ganyen da iska ta tsinko. Babu hagu, babu dama, babu suma. Juyi kawai yake yi yana murɗa igiya. Na san abin da ya rasa, na ma san gefen da ya kamata a buga. Maganar ta zo har bakina. Amma a kan yarinta sai na ga idan na faɗa, zai gane na san cokalin ƙwarai, idan ya gane haka zai gane ni ce na taɓa shi, kamar dai bai riga ya sani ba. Ga kuma wani abu da ya fi wannan nauyi. Ta yaya zan buɗe baki in ce wa Baba aikin hannunsa bai yi ba? Ni da ko sunana ba ya kira don kunya?

"Daidai yake, Baba," na ce.

Ya sake wurgawa, ya jawo a hankali fiye da na farko. "Duba da kyau. Kin tabbata?"

"I, Baba."

Ya ɗauki gudumar ya riƙe ta a hannu ya daɗe, yana shafa kanta da yatsa. Wani zalɓe ya tashi daga can gefe. Sannan ya sa ta a aljihu ya ce, "To, madalla."

Sati shida muka yi muna jan cokalin nan a kan gidan kakana. Ƙananan kifin tsage sun ɗauka sau biyu ko uku, shi ke nan. Kowace Asabar nakan ce yau zan faɗa, kowace Asabar kuma faɗar takan ƙara nauyi, don yanzu ba wanki kaɗai zan amsa ba, har da ƙarya. A Lahadin ƙarshe, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, muna wucewa ta tsakanin giginyu Baba ya jawo igiya kusa don kada ta sarƙe. Sai na gan ta. Ta taso daga ƙasa a hankali kamar an ɗago ƙyaure, ta biyo cokalin har tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi kamu ɗaya ba. Na ga tabon tsohuwar ƙugiya a gefen bakinta. Na ga jan idonta. Ta bi shi tana kallo, yana ta juyinsa na banza, sannan ta karkata jiki ta koma ƙasa. Ruwan ya ɗan kumbura a gefen jirgi ya kwanta.

"Mi ne ne?" in ji Baba. Ya ji jirgin ya motsa.

"Ba komai, Baba."

Kwana uku bayan nan farin ruwa ya zo. Kafin ya sake kwantawa, Baba ba ya bambance mutum da itace sai an yi magana. Ya koma gindin ɗorawar ƙofar gida yana ɗinke wa mutane koma da lalube, shi da ake ɗauko wa kifi a sanda. Masu tsokanarsa da miya suka daina, kuma ina jin rashin tsokanar ya fi masa ciwo. Ni na ci jarrabawa na tafi makarantar kwana, daga can aiki, daga can aure a nesa. Duk zuwan da na yi gida nakan durƙusa in gaishe shi, ya ce, "Mai littafi ce? An zo lafiya?" Nakan zauna kusa da shi in yi shiru, shi ma ya yi shiru, muna jin ruwa. Sau nawa na shirya maganar tun daga mota. Ya rasu ina can, a wata damina, saƙo ya iske ni bayan kwana biyu.

Da muka zo raba kayan Inna a wannan zuwan, ƙannena suka tura mini wata tsohuwar kwalla suka ce ta ce tawa ce. A ƙarƙashin zannuwa na tarar da burgamin, fatar ta bushe ta yi tauri. Cokalin yana ciki, jan zaren ya koɗe, gashin zabon ya zube, ƙugiyoyin sun yi tsatsa. Na tambaya ko Kawu yana da rai, aka ce yana nan, sai dai ya daina ƙira, jikokinsa ke walda a bakin titi.

Na same shi da hantsi a kan kujerar roba a inuwar tsohuwar maƙerarsa, ya rame, kansa fari fat, amma idonsa tar. Na durƙusa na gaishe shi, ya yi mini ta'aziyya, na yi masa. Sannan na kwance burgamin na miƙa masa. Ya juya cokalin a tafin hannunsa, sai ya yi wata 'yar dariya.

"Mai wanki ta zo," ya ce.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. "Kawu, ashe ka sani?"

"Ni kaɗai? Ɗiyata, ranar da ya kawo shi nan ƙamshin lemon tsami ya riga shi shigowa. Ya ce, tun da anka ƙera cokalin ga bai taɓa samun wanka irin wanga ba."

"Ya yi fushi?"

"Da kansa ya yi. Ya ce shi ya hana a taɓa, bai faɗi dalili ba." Kawu ya murza gindin cokalin. "Ranar da kunka dawo daga yashi ya biyo ta nan ya maido mini guduma. Na ce, ya zauna? Ya ce bai zauna ba, igiya na murɗe mini a hannu, ai ko makaho ya san juyi yake. Na ce to ɗiyar ba ta gani ba? Ya ce ta gani, ta ma fi ni sanin tafiyarsa, na ji numfashinta ya sauya tun da cokalin ya faɗa ruwa. Na ce to ka matsa mata mana, ka kira sunanta ka ce ta gaya maka gaskiya, ba dukanta za ka yi ba. Ya ce, kai, ka taɓa jin na kira sunanta? In na matsa, kuka za ta yi a gabana, ni kuwa ban san inda zan sa fuskata ba. A bar ta, ranar da bakinta ya buɗe mu dawo mu ari gudumar." Ya girgiza kai. "Na ce da shi, ku mutanen ruwa da kunyarku. Kifi guda ya gagare ku, ku biyu, kowa na jin nauyin kowa."

Na daɗe ban ɗago ba. Hawaye yana ɗiga a kan ƙasar maƙera, baƙar ƙasa mai gawayi, kowane ɗigo yana yin ɗan rami. Kawu bai ce in yi haƙuri ba, ya bar ni. Can nesa injin wani jirgi ya tashi ya yi ta ƙara har ya ɓace.

"Gudumar tana nan?" na ce.

"Tana nan. Yara na fasa goruba da ita." Ya dube ni ta gefen ido. "Amma kin san Tsohuwa ta daɗe da zama ƙasa. Irinta ma babu saura a ruwan ga. Ko kin gyara, ba abin da za ya bi shi."

"Na sani, Kawu."

Maganar ta zo maƙogwaro kamar kullum, na ji tana shirin komawa. Na share fuskata da gefen mayafi, na ɗago na dube shi ido da ido.

"Kawu, don Allah ka sa a ɗauko gudumar, ka daure ka raka ni bakin yashi. Zan samo babur ya kai ka har gaɓa, ƙafarka ba za ta taɓa ruwa ba. Ni zan wurga in duba, kai ka buga inda na ce. Biyu hagu ne, ɗaya dama, sai ya faɗi."